Zafin Nema Ba Ya Kawo Samu: Ina Muka Dosa Da Wannan Kai-Kawo?

Idan ana lissafin mutanen da ba su san zaman banza ba a ƙasar nan ta Gana, to ko maƙiyi ya san sai ya sa mutanen Zongo a sahun gaba. Tun kafin ladan ya kira assalatu mai koko ta hura wuta, mai wake da shinkafa ta ɗora tukunya, mahauci ya kama hanyar kwata, direba kuma ya ta da mota ya nufi tasha. Haka abin yake a Nima da Mamobi da Sabon Zongo a birnin Ankara, haka yake a Aboabo da Asawase a Kumasi, haka kuma yake a Tamale da Techiman da Sekondi. Idan dare ya raba, mai tsire da mai shayi su ne na ƙarshen kashe fitila. Ka ce wa mutum “ina gajiya”, ya ce maka “ba gajiya”, amma idonsa ya riga ya gaya maka gaskiya.

To, tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu ita ce, bayan shekara ashirin ko talatin ana wannan faɗi-tashi, me ya rage a hannu? Kowa a cikinmu ya san dattijon da ya tsufa a kasuwa amma har yau yana ɗakin haya, ya san uwar da ta yi shekaru tana gaban murhu amma ranar da ciwo ya kwantar da ita sai da aka yi karo-karo kafin a kai ta asibiti. Waɗannan ba malalata ba ne. Kuma ba za a ce duk laifinsu ba ne, domin an daɗe ana mayar da unguwanninmu saniyar ware wajen hanyoyi da magudanan ruwa da makarantu, abin da ya sa a 2017 majalisa ta yi dokar kafa asusun raya Zongo. Amma akwai wani kaso na matsalar da ke hannunmu, wanda babu gwamnatin da za ta gyara mana shi. Mun ɗauka cewa yawan motsi shi ne ci gaba, mun kuma mayar da “ba ni da lokaci” tamkar wata lambar girma.

Sunan da muke amsawa

Mai karatu, bari mu fara da sunanmu. Kalmar Zongo daga “zango” ta fito, wato wurin da ayari ke yada kaya ya huta. Kakanninmu fatake kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu da busasshiyar albasa, su yi wata biyu zuwa uku ko fiye a hanya kafin su iso Salaga ta ƙasar Gwanja su sayi goro. Tafiyar ba ta gaba-gaɗi ba ce. Akwai madugu, akwai jagaba, kuma tun kafin a ɗaura wa jaki kaya madugu ya san inda aka dosa, ya san rafin da za a sha ruwa, ya san garin da za a biya fito, ya san inda za a kwana.

A zangon nan ne ake aikin da ke tsare dukiya. Nan ake kwance huhun goro a duba, a tsince wanda sankara ta taɓa don kada ya ɓata sauran, a sake ganye, a yayyafa ruwa. Nan ake duba bayan dabbobi, a ƙirga guzuri, a ji labarin hanya daga bakin masu dawowa. Falken da ya ce shi ba shi da lokacin tsayawa, sauri yake yi, to zai isa Kano da jakuna gurgu da goro ruɓaɓɓe. Abin mamaki shi ne, mu da muke amsa sunan wurin tsayawa, yau mun zama mutanen da ba su iya tsayawa su duba huhunsu ba.

Abin da Ɗantata ya gani

Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata ya isa misali, kuma tarihi ne da ya ratsa ta ƙasar nan. An haife shi a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, mahaifiyarsa kuma, wadda aka fi sani da Amarya, ’yar kasuwa ce da ta zauna a Ankara. Ya taso ya tarar da iyaye da kakanni suna bin hanyar Gwanja a ƙasa, shi ma ya bi ta. Sai dai a lokacinsa duniya ta soma juyawa. Salaga ta yi rauni bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa ’yan kasuwarta zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da bakin teku. A 1903 jirgin ƙasa ya haɗa Sekondi da Kumasi, jiragen ruwa kuma suna zirga-zirga tsakanin gaɓar nan da Legas.

Mutane da yawa sun ci gaba da taka sayyada kamar yadda suka gada, suna ganin wahalar hanya ita ce fatauci. Ɗantata yana cikin na farko-farkon da suka gane cewa manufar ita ce goro ya isa hannun mai saye da ɗanyensa, tafiyar ƙafa kuwa hanya ce kawai. Sai ya riƙa loda goronsa a jirgin ruwa zuwa Legas, abin da ake wata da watanni ana yi ya koma na kwanaki. Da jirgin ƙasa ya soma aiki tsakanin Legas da Kano a 1912 sai ya koma gida, daga baya ya shiga sayen gyaɗa. A 1929, lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, an ba da labarin cewa kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ya kai ajiya. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi a cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Ba za a ce ya fi sauran fatake zufa ba, watakila ma sun fi shi. Abin da ya fi su shi ne ya tsaya ya tambayi kansa dalilin tafiyar.

Ba kuɗi kaɗai ba ne manufa

Kada wani ya ɗauka cewa duk maganar ta tara dukiya ce. Ga Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda wasu ke kira Imam Umaru Karki. An haife shi a Kano wajen 1858, ya taso yana haɗa karatu da fatauci a kan wannan hanya ta Gwanja, ya zauna a Salaga, rikici ya sa ya koma Kete-Krachi inda ya zama limami. Hanyar kasuwa a buɗe take gare shi, amma ya zaɓi ya ba da rayuwarsa ga koyarwa da rubutu. Ya rasu a 1934. Tsohon garin da ya zauna ma ruwan tafkin Volta ya cinye shi bayan an gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, attajiran zamaninsa kuma yawanci an manta sunayensu. Amma waƙoƙinsa da rubuce-rubucensa na Larabci da na Hausa suna nan a hannun malamai da kuma a jami’ar Legon, almajiransa kuma sun zama malamai da limamai a garuruwa da dama na ƙasar nan.

Ga kuma Malam Baƙo, ɗan Malam Na’ino. Da ya ga cunkoso da rigingimu sun yi yawa a tsohon Zongon tsakiyar Ankara, sai ya nemi fili a wajen shugabannin Ga, ya kafa Sabon Zongo wajen 1910, a wurin da a lokacin bayan gari ne. Haka Malam Futa ya yi a Nima a farkon shekarun 1930. Neman fili da zaman sasantawa da masu ƙasa aiki ne mai cin lokaci, ba ya kawo ko kwabo a ranar da aka yi shi. Amma dubban mutane suna kwana a inuwarsa har yau.

Waɗannan mutane hanyoyinsu sun bambanta, ɗaya kasuwa, ɗaya ilimi, sauran kuma gina al’umma. Abin da ya haɗa su shi ne kowanne ya san abin da yake so ya bari a bayansa, ya kuma haƙura da wasu abubuwan saboda shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Hadisin niyya shi ne na farko a Sahihul Buhari, shi ne kuma na farko a Arba’una da yaranmu ke haddacewa a makaranta. Mun taƙaita shi ga alwala da salla da azumi, alhali kuwa ya shafi shago da tasha da murhu. Mutumin da zai fita nema, ya kamata ya iya faɗa a cikin magana ɗaya abin da ya fitar da shi.

Amana ita ce jarin farko

Bayan sanin manufa sai kuma hali. A shekarun 1960 wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta yi nazarin kasuwar shanu ta Kumasi, ta bayyana yadda tsarin mai gida da dillali yake aiki. Baƙo zai koro shanu daga arewa mai nisa, ya sauka a gidan mai gida, a ba shi ɗaki da abinci. Dillalan mai gida su sayar wa mahauta shanun bashi, mai gida kuma ya tsaya a kan cewa kuɗin za su fito, in mahauci ya gaza shi zai biya. Babu takarda, babu lauya. Mai gidan nan yawanci yana zaune ne a zaurensa, ba ya gudu ba ya tsalle, amma dukiya mai yawa ta hannunsa take bi, domin an san maganarsa ɗaya ce.

Haka kuma a 1974 wani masani, Anthony Kirk-Greene, ya fitar da nazarinsa a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mai karatu zai lura cewa babu yawan kai-kawo a ciki. Halayen nan kuwa ba ado ba ne, suna rage wahala. Telan da ya karɓi ɗinkin mutum 40 ana saura mako biyu salla, alhali ya san na 20 zai iya, zai kwana a kan keke, ya ɓata yadin mutane, ya riƙa ɓuya, bayan salla kuma rabin masu kawo masa aiki su gudu. Maƙwabcinsa da ya ce “Hajiya, ki yi haƙuri, hannuna ya cika” ya yi barcinsa, kuma baɗi shi za a fara nema. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abubuwan da ba sa ihu

Babbar illar rayuwar gaggawa ita ce abin da ya fi ƙara shi ke cinye yini, abin da ya fi muhimmanci kuma shiru yake yi. Mai saye yana kira, waya tana ƙara, ana jiranka wajen suna. Amma takardar haihuwar ɗanka ba ta kira, takardar filin gidanku ba ta ƙara.

Dattawanmu ba su manta da 18 ga Nuwamba 1969 ba, ranar da gwamnatin Dakta Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da suka yi shekaru suna aiki dare da rana, har da waɗanda a nan aka haife su, sun karyar da kayansu a wulaƙance, wasu sun bar gidaje da shaguna sun hau manyan motoci. Ba a ce takarda ce za ta hana duk abin da ya faru ba, domin an yi zalunci a ciki. Amma wanda yake da shaida a hannu ya fi wanda ba shi da ita wurin tsayawa. A zamaninmu ma an ga irin wannan, lokacin da katin shaidar ɗan ƙasa, wato Ghana Card, ya zama dole wajen hulɗa da banki a 2022 da kuma sake rajistar layin waya. Mutane da yawa sun sha tambayoyi a kan asalinsu saboda iyaye ba su yi musu rajistar haihuwa ba, alhali rajistar kyauta ce idan yaro bai cika shekara ɗaya ba.

Haka batun gado. A ƙarƙashin dokar gado ta 1985, idan mutum ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, rikici kuma ya kai kotu, to da wannan doka za a raba, ba da lissafin da malam zai yi a zaure ba. Ga kuma dokar auren Musulmi ta tun 1907 da ta ce a yi rajistar aure cikin mako ɗaya da ɗaura shi. Mu nawa ne muka yi? Mutum ya yi shekara 30 yana gina gida bulo-bulo, amma ya kasa ware yini biyu ya je ya daidaita takardunsa, sai ya bar wa marayu shari’a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ciniki daban, riba daban

Akwai kuma masu ruɗuwa da cikar aljihu. A watan Disamba 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 54 cikin 100. A irin wannan lokaci, a ɗauka mace ta sayo buhun shinkafa sidi 500, ta sayar da shi a kwano-kwano ta tara 550, tana murna ta ci ribar 50. Da ta koma sari sai ta tarar buhu ya zama 600. Ashe duk yinin da ta yi a rana jarinta take ci. Wadda ta fi kowa ciniki a layin, ita ce ta fi kowa saurin karyewa idan ba ta lissafi da farashin sari na gobe.

Maganin wannan littafi ne na ’yan kuɗi kaɗan da alƙalami. A rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da bashin da ke waje, a kuma raba kuɗin cefane da kuɗin jari. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, kamar yadda fatake suka riƙa yi, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa. Sannan a yi hattara da masu alkawarin riba ta dare ɗaya. A 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da ba da rance har 347, mutane da yawa kuma suka daɗe suna jiran kuɗinsu. Matasanmu da ke zuba abin da suka samu a cacar ƙwallo ta waya su ma wannan zafin neman ne ke ɗibarsu.

Mu koma yada zango

To mene ne abin yi? Ba cewa ake a naɗe hannu ba, motsi ai ya fi laɓewa. Abin da ake cewa shi ne kowane gida ya sami zangonsa. A ware sa’a ɗaya a mako, ko bayan sallar Juma’a ko daren Lahadi, a ajiye waya, maigida da uwargida su zauna su tambayi juna: me muke so mu cimma nan da shekara biyar? A cikin ayyukan makon nan, wanne ne ya matsar da mu kusa da shi? Wanne ne kuma muka yi don kawai kada a ce ba mu yi ba?

Amsar kowa daban ce. Wani burinsa ’ya’yansa su gama makaranta, wani ya mallaki fili, wata ta sauke farali, wani kuma ya sauke Alƙur’ani ko da ya tsufa. Babu mai zaɓar wa wani. Amma idan an zaɓa, to a bari zaɓin ya yi hukunci a kan lokaci da kuɗi. Uwar da ta ce ilimin ’yarta ne a gabanta, ba za ta ɗora mata farantin talla da safe lokacin da ’yan’uwanta ke aji ba, ko da kuwa cinikin ranar zai ragu. Uzurin da ake bayarwa a da, cewa boko zai raba yaro da addininsa, ya yi rauni tun 1987 da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, inda ake haɗa Larabci da boko a makaranta ɗaya. Tun daga Satumba 2017 kuma aka ɗauke kuɗin babbar sakandare ta gwamnati.

Zumunci wajibi ne, babu mai musun wannan. Amma zumunci daban, gasar anko da liƙi daban. Macen da ke da biki uku a wata, kowanne da sabon zane, ta duba ko adashinta gini yake yi ko kuwa a wurin mai atamfa yake ƙarewa. Samarinmu na majalisar ataya kuma, da za su ɗauki awa ɗaya daga cikin awoyin da ake musun ƙwallo da kallon TikTok su sa a koyon sana’a ɗaya har su ƙware, da shekara biyu ta isa a ga bambanci. Kuma kada a manta da jiki, domin shi ne jakin da ke ɗauke da kayan. Gwajin hawan jini ba ya cin minti biyar, sabunta katin inshorar lafiya kuma ana iya yinsa ta waya.

Shugabanninmu ma suna da rawar takawa. Limamai su riƙa taɓo waɗannan batutuwa a huɗuba, sarakunan Zongo da ƙungiyoyin mata da na matasa su riƙa gayyato ma’aikatan rajistar haihuwa da na filaye su zo har unguwa. Ƙungiya kuma a auna ta da yawan yaran da ta mayar makaranta da yawan gidajen da ta taimaka suka sami takarda, ba da yawan tarurrukan da ta kira ba.

Kakanninmu sun taka dubban mil a ƙasa, amma ba su taɓa barin gida ba tare da sanin inda za su ba, ba su kuma ji kunyar tsayawa su duba kayansu ba. Ƙwazo dai mun gada, babu mai ƙwace mana shi. Saura mu haɗa shi da niyya da amana da lissafi, don kada ’ya’yanmu su gaji gajiyarmu kawai.

Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya ba mu ikon gyarawa, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.